Maganin Ɓera a Ƙarƙashin Rumbu

Mahaifina kare ya bar mini. Sauran 'yan matan unguwarmu a Zuru, idan iyayensu sojoji za su koma bariki, zane suke bar musu ko tasa mai fure. Ni kuwa ranar da zai hau mota, jan karensa mai yagaggen kunne ya nuna mini da baki, ya ce in kula da shi har ya dawo. Shekarata sha shida a lokacin, cikin shekarun hamsin ɗin nan, Turawa ba su tafi ba tukuna. Mahaifiyata ta rasu tun ban yi wayo ba, don haka sashenmu ya rage daga ni sai Kaka, wadda ta haifi mahaifina. A ɗaya sashen kuma akwai Baffa, yayan mahaifina, da matarsa da 'ya'yansa.

Karen nan horon soja aka yi masa. Mahaifina ya taɓa ganin yadda ɓarayi ke jefa wa kare nama mai guba kafin su shiga gida, sai ya rantse nasa ba zai mutu haka ba. Tun yana ɗan kwikwiyo yakan sa maƙwabta su miƙa masa nama, da ya kai baki sai ya ji bulala. A haka ya tashi ba ya cin abin kowa, sai wanda ya fito daga hannun mahaifina ko nawa. Ka jefa masa ƙashi, sai ya kalle ka, ya kalli ƙashin, ya kau da kai kamar ka zage shi. Mutane na cewa girman kai ne da shi, ni kuma abin na burge ni, domin ni ma haka ake ce mini.

Wurin cin abincinsa ɗaya ne. Rumbunanmu a kan duwatsu ake gina su, a bar fili a ƙasa saboda gara da danshi, kuma duk gidan babu inda ya kai wannan fili sanyi idan bazara ta yi zafi. Nan ne ɗakin kare a kowane gida na unguwarmu. Kullum nakan zuba masa ɗumamen tuwo a fasasshen kasko, in durƙusa, in tura ƙarƙashin rumbun dawa. Ko ba ya nan, idan ya dawo ya shinshina ya ji hannuna ne, sai ya ci.

Baffa ba mugu ba ne, gara in faɗi wannan tun yanzu, kafin in faɗi sauran. Mutum ne dai mai son a ce shi ya fara. Duk abin da hukuma ta kawo sabo, ko irin gyaɗa ne ko allurar shanu, shi ne a gaban layi, ya dawo gida yana yi mana bayani kamar shi ya ƙirƙiro. Da karen kuwa ba sa ga maciji. Ba ya son ya kusanci buzunsa na salla ko butarsa, wannan ban taɓa ganin laifinsa ba, karen ma ya sani, yakan yi kwana ya bar masa hanya. Shekara huɗu suna gida ɗaya, hannun Baffa bai taɓa taɓa jikinsa ba.

A shekarar ɓeraye suka yi mana taron dangi. Ka buɗe rumbu da safe, sai ka iske ƙaiƙayi da kashinsu a inda ka bar zangarniya. Ana cikin haka, ranar kasuwa, wani malamin gona ya tsaya ƙarƙashin bishiya da gwangwani a hannu, ya tara magidanta. Mutumin wajen Sakkwato ne, mai tsabta, mai daɗin baki. Ya nuna musu baƙin gari mai warin tafarnuwa, ya ce a kwaɓa shi da dakakken ƙuli-ƙuli, a zuba a fasassun kasake, a tura ƙarƙashin rumbu inda ɓera ke bi. A garinsu kare ba ya kwana cikin gida, to ina zai san wa ke kwance a wurin? Waɗanda suka sani kuwa, magidantanmu, duk suka gyaɗa kai suka miƙa hannu. Baffa ne ya fara karɓa.

Washegari da hantsi ya kira ni, ya ce in daka ƙuli-ƙuli in kwaɓa da garin. Kaka tana zaune tana gyaran igiyar da za ta tafi itace da ita, ta shaƙi warin garin, ta yatsine fuska, ta tambaye shi ko abin nan ba ya taɓa kaji.

"Maganin kusu na, Inna," in ji Baffa. Kusu muke ce wa ɓera. "Kusu kaɗai shika kashewa. Da shina kashe wani abu, ai da ba maganin kusu anka ce mishi ba."

Na yarda da wannan magana, kuma har yau idan na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Ni na daka ƙuli-ƙulin ya yi laushi. Ni na yayyafa ruwa, na kwaɓa, na raba kasko uku. Ni na durƙusa na tura su ƙarƙashin rumbun dawa, daidai yadda nake yi kowace rana ta Allah. Karen ya bi Kaka itace, bai ga komai ba. Na wanke hannu da toka, na ɗauki kayan wanki na tafi rafi ina 'yar waƙata.

Kafin azahar na dawo. Tun daga bakin hanya na ji kuka, ba haushi ba, wani irin kuka siriri mai tsawo da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Na jefar da wankin. A tsakar gida na iske shi yana gudu ba inda ya nufa, ya yi karo da turmi, ya tashi, ya yi karo da zana, kumfa na zuba daga bakinsa. Matar Baffa ta kwashe yaranta ta shige ɗaki tana ihu, wai kare ya haukace.

Wannan kalma ba abin wasa ba ce a wurinmu. Shekarar da ta gabata wani mahaukacin kare ya ciji yarinya a wani ƙauye wajen Dabai, kuma waɗanda suka ga yadda ta mutu ba sa son ba da labari. Tun daga nan aka yi doka a unguwa: duk karen da aka gani da kumfa a baki, a kashe shi nan take, ba sai an nemi mai shi ba. Don haka da ihun ya fita, ba a daɗe ba maza suka fara shigowa da kulake.

Ni ban bi ta kansu ba. Na ruga wurin rumbu, na kwanta rub da ciki, na jawo kasaken. Biyu an lashe su tas. Na ukun an ci rabi. A nan na gane abin da na yi. Bai saci komai ba, bai karya horonsa ba. Ya riga Kaka dawowa daga itace da yunwa, ya shiga ɗakinsa, ya ga kasko, ya ji hannuna, ya ci.

Da na miƙe da kasko na ukun a hannu, karen ya riga ya faɗa ɗakin mahaifina, ya shige ƙarƙashin gado. Maza biyar ko shida sun nufi ƙofar, Baffa na gaba. Taɓaryar da na daka ƙuli-ƙulin tana jingine a turmi. Na fizge ta, na riga su, na dire kaskon a bakin ƙofa, na tsaya na gitta taɓaryar.

"Ke ɗiya, kauce," in ji Baffa.

"Ba ni kaucewa."

"Mi kic ce?"

A gidanmu yarinya ba ta kallon idon Baffa, balle ta maimaita masa magana. Na kalle shi, na maimaita.

"Wanga kare ya haukace. So kike shi ciji yara?"

"Ba hauka ba ta, Baffa. Abin da kac ce in kwaɓa, shi yac ci." Na tura masa kaskon da ƙafa. "Ga shi nan. Shinshina, ka shinshina bakinai."

Ya kalli kaskon, ya kalli mutanen da ke bayansa, na ga fuskarsa ta canza. Na san ya gane. Amma kowane ɗaya daga cikin mazan nan ya karɓo garin, wasu sun riga sun tura nasu ƙarƙashin rumbu, kuma Baffa ne ya yi ta gaya musu ba ya kashe komai sai kusu. Idan ya ce na yi gaskiya, to ya kashe karen ƙanensa da bakinsa a gaban jama'a. Hauka ta fi masa sauƙi. Ya ɗaga murya ya ce a janye ni.

Wani maƙwabcinmu ya matso. Na ɗaga taɓarya, na ce wanda duk ya taɓa ni sai na fasa masa gwiwa, in ya so ya kai ƙarata wurin alƙali, ya faɗi cewa yarinya ce ta gurgunta shi. Na ce musu mai karen yana can ya ɗaura kaki, ya bar mini amana, kuma ba za a farfasa kan amanar a ɗakinsa ba ina tsaye. Na faɗi wasu abubuwan kuma da ba zan rubuta ba.

Kaka ce ta raba mu. Ta ajiye ƙunshin itacenta, ta shigo tsakiya, ta juya harshe zuwa Dakarci, yaren kakanninmu, wanda ba ta yi sai ranta ya ɓaci. Ta tuna wa biyu daga cikinsu cewa ita ta yanke musu cibiya. Sannan ta ce kowa ya san mahaukacin kare ba ya shan ruwa, ko ganinsa ba ya so. A ba yarinya zuwa la'asar. Idan karen ya sha ruwa a gabansu, kowa ya kama gabansa. Idan bai sha ba, ita da kanta za ta janye ni. Suka yi ƙus-ƙus, suka yarda, suka koma inuwar ɗorawar da ke ƙofar sashen Baffa suka zauna, kulake a kan cinya.

Abin da muka yi a ɗakin nan ba kyau a gani. Kaka ta jiƙa kanwa da gishiri a ƙwarya, ta daka gawayi. Na jawo karen daga ƙarƙashin gado ta ƙafa. Da ya ga ni ce, duk da halin da yake ciki, sai da ya kaɗa wutsiya. Ni kuwa na danne shi da gwiwa, Kaka ta riƙe ƙafafun baya, na cusa masa muciya a baki na buɗe, na dinga ɗura masa da ludayi. Yana shaƙewa, yana fizga, idonsa na kaina. Ina kuka ina zaginsa, ina cewa ya haɗiye, ɗan banza, ya haɗiye. A cikin kokawar haƙorinsa ya tsaga mini gindin babban yatsa. Na naɗe wurin da bakin zanena tun kafin Kaka ta gani, domin da mazan waje sun ji an ce ya ciji mutum, magana ta ƙare. Tsoro ya kama ni sosai a lokacin. Na ce a raina, in kuma Baffa ne mai gaskiya fa? Amma ban ɗaga gwiwata ba.

Ya yi amai sau uku. Warin tafarnuwar nan ya cika ɗakin har kaina ya fara juyawa, Kaka ta ce mu ja shi bakin ƙofa mu sha iska, ta kwashe aman da toka ta kai bayan gida ta binne. Ban ce kanwarmu ce ta tashe shi ba. Wataƙila aman ne da ya zo da wuri, wataƙila kwanansa ne ke gaba. Na dai san cewa kafin inuwa ta juya, fizgar ta ragu, kumfar ta tsaya, ya kwanta a gefe yana numfashi sama-sama.

Da la'asar ta yi, Baffa ya yi alwala a kan dutsen da ya saba, kusa da ƙofarsa, ya yi salla, sannan suka taso gaba ɗaya. Na ɗebo ruwa mai sanyi a randa, cikin sabuwar ƙwarya, na durƙusa na ajiye a gaban hancin karen. Na yi masa fito irin na mahaifina.

Ya ɗaga kai. Ya shinshina bakin ƙwaryar. Ya kau da kai.

Na matsar da ita. Ya sake kau da kai, ya ja jiki baya. Na tsoma yatsa na ɗiga masa a leɓe, sai ya yi wani ɗan gurnani da bai taɓa yi mini ba. Na ji mazan sun gyara tsayuwa. Wani ya ce, "To, kun gani." Kaka ta dafa kafaɗata, na ture hannunta. Na miƙe na sake ɗaukar taɓarya. Na san an yi alkawari, na san Kaka ta sa bakinta, amma ni ban yi wa kowa alkawari ba, kuma na ƙudura sai dai su haɗa da ni.

Ina tsaye haka, sai karen ya yunƙura. Ƙafafun bayansa ba su ɗauke shi ba, sai ya ja ciki. Ya wuce ƙwaryata, ya wuce ƙafafuna. Mazan suka dare, kowa ya ɗaga kulki, ba wanda ya saukar. Ya ja jiki a hankali har tsallaken tsakar gida, zuwa gindin dutsen da Baffa ya yi alwala, inda ruwa ya taru a ɗan rami, ya gauraya da ƙasa. Ya sa harshe ya fara lasa. Ya sha har ya kai ga laka.

Wani tsohon maharbi a cikinsu ne ya fara jingine kulkinsa, ya ce shi zai je ya kwashe kasaken gidansa kafin karyarsa ta dawo. Nan take wurin ya watse, kowa na sauri. Baffa ya tsaya yana kallon karen a gindin dutsensa, wurin da da can ko giftawa ba ya yi. Bai kore shi ba.

A ranar na ɗauka na ci nasara, har da tafiya ina ɗaga kai. Sai washegari na gane abin da ƙwaryar nan ke nufi. Na dama wa karen kunu mai ruwa-ruwa, na kai masa, ya kau da kai. Na canza kasko. Na canza wuri. Na roƙo romon nama a maƙwabta. Idan na zo sai ya kaɗa wutsiya, ya bari in shafa kansa, amma da na ajiye abinci sai ya tashi ya koma gefe. Kaka ta gwada, ita ma ya ƙi, ita ce ta riƙe masa ƙafa. Ruwa kuwa sai na gindin dutsen Baffa. Kwana huɗu haka, haƙarƙarinsa suka fito ana ƙirgawa. Na tsare shi daga kulki, ga shi zai mutu da yunwa da tuwo a gabansa.

A rana ta biyar, da safe, na ɗauki ɗumame a akushi, ban taɓa shi da hannu ba, na je na tsaya a kan Baffa yana gyaran fartanya. Tun ranar nan ba mu yi magana ba. Ban durƙusa ba, ban gaishe shi ba.

"Kai kak kawo guba gidanga," na ce. "Kai za ka ba shi."

Ya ɗago ya kalle ni. Na zaci zai mare ni, kuma na shirya.

"Ni? Kare?"

"Duk gidanga kai kaɗai na ba ka taɓa shi ba. Ba shi cin nawa, ba shi cin na Kaka. In ya mutu, ni ka rubuta ma ƙanenka wasiƙa, kuma ba ni rage komi."

Ya daɗe yana juya fartanyar a hannunsa. Sannan ya ajiye ta, ya naɗe hannun rigarsa, ya karɓi akushin. Ya nemo wani kasko da kansa, ya gutsura tuwon da yatsunsa, ya tafi har gindin zana inda karen ke kwance. Dattijon da ke tattare rigarsa idan kare ya gifta, shi ne ya tsuguna, ya tura kaskon, ya ce a hankali, "To, ci mana." Na laɓe bayan rumbu don kada ya gan ni. Karen ya shinshina kaskon, ya shinshina yatsun Baffa, ya daɗe. Sannan ya ci.

Na yi murna, kuma na ji zafi irin wanda ban san akwai shi ba. Na zauna a bayan rumbun na yi kuka har na gode Allah.

Baffa bai taɓa ce mini ya yi kuskure ba, ni ma ban taɓa ba shi haƙuri ba. Amma ragowar baƙin garin shi ya kai daji ya binne, kuma daga ranar shi ke ciyar da karen safe da yamma, ya wanke hannu ya koma harkarsa. Da mahaifina ya dawo bayan shekara biyu, na gaya masa komai da bakina, har da tabon yatsana na nuna masa. Ya ce na yi taurin kai. Na ce a wurinsa na gada.

Karen ya ƙara shekara bakwai a duniya. Yana raka ni rafi, yana kwana a bakin ƙofata, ya taɓa korar mini maciji a gonar gyaɗa. Mutanen unguwa kan ce da na bari an gama da shi a ranar, da ban ga wannan wulaƙanci ba, wai kare ya ƙi abincina a gidan ubana. Nakan ce musu ko yau aka mayar da ni ɗakin nan zan sake danne shi da gwiwa, in sake ɗura masa, ya ƙi ni in ya ga dama, yana raye.

Amma ban daina gwadawa ba. Lokaci-lokaci, idan tsakar gida ba kowa, nakan zaɓi tsoka mai kyau daga cikin miya, in sa a kasko, in durƙusa in tura ƙarƙashin rumbun dawa. Sai ya zo, ya shinshina, ya kalle ni, ya kaɗa wutsiya. Daga nan ya koma gindin dutse ya kwanta da yunwarsa, yana jiran Baffa ya dawo daga gona.